Shekara shida da gama bautar ƙasa, har yau ina gida: yaya kuke yi da ranakunku?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina rubuta wannan saƙon ina gogewa. Yau dai na ce bari in sake shi, kowa ya faɗa mani gaskiya.

Na gama digiri a 2017, na yi bautar ƙasa a jihar Neja, na karɓi takardar sallama a 2019, lokacin alawi yana N19,800. Wannan alawin shi ne kuɗin wata na ƙarshe da ya shiga hannuna. Fom kau ba na iya ƙirga wanda na cike: na aikin ɗamara, na hukumomin tarayya, na bankuna, na ƙungiyoyin agaji da ke shigowa jiharmu ta Katsina. Sau uku aka kira ni jarabawa, sau ɗaya intabiyu a Abuja. Na ci bashin kuɗin mota na je na dawo, har yau shiru.

Bana na cika shekara 33. Yawancin sanarwar ɗaukar aiki da na buɗe, tun a sharaɗin farko nake faɗuwa: kada ka wuce 30, wasu bankunan ma 26 ko 27 suke so. Shekarun da na ƙarar wurin jira su ne yanzu suka rufe mani ƙofa.

Amma ba wannan ne ya sa ni rubutu ba. Abin da ke ci na shi ne yini. Da an sallame Asuba kowa a gidanmu yana da inda zai nufa. Ƙanena da ya tsaya a sakandare ya koyi walda, shi ke ajiye kuɗin cefane, kuma wallahi bai taɓa yi mani gori ba. Sai dai duk ranar da ya miƙo mani kuɗin data, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni kau daga masallaci sai ɗaki, in ja ƙofa. Na daina zuwa ɗaurin aure, na daina zama majalisarmu, saboda tambaya guda: "Ina ake ne yanzu?" Yarinyar da na nema shekara huɗu an aurar da ita bara, kuma ban ga laifin iyayenta ba. Da dare barci ba ya zuwa, da rana shi nake yi.

Waɗanda suka daɗe cikin wannan halin, da waɗanda Allah ya fitar, don Allah ku gaya mani: yaya kuka yi da ranakunku? Ina buƙatar addu'a, amma ina kuma son in ji abin da kuka yi da hannunku.

Ummu Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka ƙanena, ya kawo mafita ta alheri. Sai da na yi hawaye, don irinka biyu ne a ɗakinmu.

Mai Hatsi:
Ɗana, zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Shekara shida ka zauna jiran takarda? Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ƙanen nan naka, da ka bi shi wurin walda tun 2019, da yanzu kai ma kana da yara a ƙarƙashinka. Ni a aji shida na firamare na tsaya, da dakon buhu na fara a Babbar Kasuwa, yau Alhamdu lillahi mutum tara ke ci ta hannuna. Matsalar 'yan boko guda ce, kwali ya hana ku durƙusawa. Ku ajiye girman kai ku kama sana'a.

Abu Hafsat:
Baba Mai Hatsi, Allah ya ƙara girma, amma wannan maganar ta "ku kama sana'a" mun ji ta har ta ginshe mu. Ni na kama, bari in ba ka labari.

A 2022 na ranci N150,000 wurin yayata na kafa teburin POS a Sabuwar Unguwa. Wata uku ina samun na sabulu. Kafin shekara ta zagayo tebur biyar ne a layin, dukkanmu masu digiri da difloma. Ƙarshen 2022 aka canza fasalin kuɗi, farkon 2023 takardar naira ta ɓace, mu da ke ba mutane kuɗi muka koma sayen kuɗin da kuɗi wurin 'yan kasuwa. Jarin ya narke. Na karɓi kurkura, wato Keke Napep, ina biyan balas. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce N1,000. Fasinja ya koma takawa da ƙafa, mai kurkura kuma balas ɗinsa yake jira ko an samu ko ba a samu ba. Na mayar mashi da abinsa.

To Baba, wane girman kai ne ya rage ga wanda ya yini cikin rana a bakin titi? Tambayar da nake so manyanmu su amsa ita ce: in kowa ya koma mai sayarwa, wa zai saya? A layinmu masu awara huɗu ne, masu cajin waya uku, masu shayi biyu, kuma duk ma'aikacin nan guda suke jira, wanda albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata.

Mai Hatsi:
Ka faɗi sau biyu sai ka ce kasuwa ta ƙi? Ni gobarar kasuwa ta 2021 ta cinye mani kaya, na tashi.

Abu Hafsat:
Ka tashi saboda akwai waɗanda suka san ka shekara talatin, suka ba ka kaya bashi. Ni wa zai ba ni?

Tsohon Akawu:
Ku dakata 'ya'yana. Alhaji, kai ma ka saurara, don ni da kai kusan sa'anni ne.

Na kama aiki a 1981, lokacin muna tsohuwar jihar Kaduna. A zamanin, ma'aikatu ne ke bin ɗalibai tun suna ajin ƙarshe, mutum ya zaɓi inda yake so. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 sai ga ofisoshi sababbi ba masu zama, aka riƙa neman ma'aikata ruwa a jallo. Mai son digiri sai ya tafi Zariya ko Kano ko Sakkwato, kuma a gari guda kana iya lissafa masu shi da yatsu.

Yau ku ƙirga da kanku. Al-Ƙalam ta zo a 2005, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta Tarayya da ke Dutsin-Ma a 2011. Ga kwalejin Hassan Usman, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Isa Kaita, ga Yusufu Bala Usman a Daura, ga sabuwar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da Jami'ar Sufuri duk a Daura. Wannan alheri ne, ban ce a rufe ko ɗaya ba. Amma kowace shekara suna yaye dubbai, kujerun sakatariyar jiha da na ƙananan hukumomi 34 kau ba su haihuwa.

Da can ba gwamnati kaɗai ke ɗauka ba. Audugar Funtua da Malumfashi da Bakori masaƙun Kaduna take tafiya, 'ya'yanmu su bi ta can su samu aiki. Masaƙar farko ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar cikinsu ta UNTL ta tsaya a 2007. Kowace masaƙa ta rufe, ba masu aikin ciki kaɗai ta sallama ba, har da manomin auduga da direba da mai tuwo a bakin ƙofa.

Abin da nake so ka ji, ɗana Ɗan Ƙofar Marusa, shi ne ba lalaci ne ya zaunar da kai ba. Mu iyaye muna da kaso. Mun ce maku ku yi karatu ku zama ma'aikata irinmu, ba mu lura kiɗa ya canza ba. Na hana ɗana na fari zuwa shagon kawunsa lokacin hutu don kada kasuwa ta ɗauke mashi hankali, yau ina nadama. Sai dai kuma zan faɗa maka ɗaya gaskiyar mai ɗaci: takardar nan da kake jira tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa har abada. Ka ci gaba da cike fom in ya dace da kai, amma kada ka ƙara jingina rayuwarka a jikinta.

Mai Lissafi:
Ƙari a kan maganar Baba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ya shiga sahun masu aiki, sai adadin ya sauko zuwa 4.1. Ba aiki aka samu ba, mudun awon ne aka canza. Amma a cikin rahoton akwai abin da ya fi wannan amfani gare mu: sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani mai tsari suke ba, noma ne da kasuwa da sana'ar hannu. Wato ƙofar da dukkanmu muka yi cincirindo a bakinta ita ce mafi ƙanƙanta a gidan.

'Yar Daura:
Ku maza ko kuna da majalisa da masallaci da za ku fita ku sha iska. Mu fa? Na gama digirin ilimi a 2018. Duk wanda na kai wa kuka amsarsa guda: "Ki yi aure ki huta." Samarin kuma su ne ku ɗin nan da ke jiran aiki, sai a taru a yi ta jiran juna.

Na koyar a wata makarantar kuɗi shekara biyu a kan N12,000 a wata, wani watan sai an haɗa biyu kafin a biya ɗaya, hutu kuma babu ko sisi. Kuɗin abin hawa ya cinye rabi. Duk da haka ban yi da-na-sani ba, ga dalili. Iyayen yaran ajina suka san ni, uku daga ciki suka ce in riƙa yi wa 'ya'yansu darasi da yamma. Yanzu yara 14 ke zuwa zauren gidanmu bayan La'asar, abin da nake samu ya ninka wancan albashin. Da na ƙi aikin farko saboda ƙanƙantarsa, da babu wanda ya san na iya koyarwa.

A 2023 da gwamnatin jiha ta ɗauki malamai sama da 7,000, ƙawayena biyu da suka samu duk tsofaffin 'yan S-Power ne, wato malaman wucin gadi na gwamnatin jiha, sun shekara da shekaru riƙe da alli a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yayana, ko kyauta ce ka je makarantar unguwarku ka ce za ka ɗauki aji ɗaya. Mutane ba su taimakon wanda ba su gani.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai. Baba Mai Hatsi, ban ji haushi ba, akwai gaskiya a maganarka. Amma tunda an kai nan, akwai abin da na ɓoye.

A 2022 wani abokin karatuna ya haɗa ni da wani mutum da aka ce yana da hanya a wata hukuma ta tarayya. Ya ce gurbi N400,000 ne. Mahaifiyata ta sayar da 'yan kunnenta na zinari da tumaki biyu ta ba ni. Ya turo mani takarda mai tambari, ya ce in jira ranar tantancewa. Wata biyu bayan nan layinsa ya daina shiga. Na je Abuja da takardar aka ce ta bogi ce. Har yau ban gaya mata ba. Duk ƙarshen wata sai ta tambaye ni, "An kira ku?" in ce ana nan ana jira. Wannan ne ya sa ko fita neman ƙaramin aiki ba na iyawa, don in ta gan ni wurin walda za ta gane komi.

Abu Hafsat:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan uwa, ba kai kaɗai ba ne, kunya ce ke hana mutane faɗa. A majalisarmu mutum uku na sani. Jama'a, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya ba ku takardar ɗaukar aiki, ku gudu. Ku tuna Maris na 2014, da aka karɓi N1,000 a hannun kowane mai neman aikin shige da fice, aka tara dubban ɗaruruwa a filayen wasa saboda gurabe 'yan dubbai, mutane suka mutu a turmutsutsu. Matsuwarmu ta zama kasuwar wasu.

Tsohon Akawu:
Ɗana, ka gaya mata. Ni uba ne, kuma na zauna da uwar 'ya'ya shekara arba'in. Ina mai tabbatar maka ta riga ta zarga. Uwar da ta ga ɗanta ya rame, ya daina cin tuwon dare, ba zinarinta take tunani ba. Tambayar da take yi maka duk wata, ƙofa ce take buɗe maka. Ka samu kawunka ko babbar yayarka ku shiga tare in ba za ka iya kai kaɗai ba. Kuma ka yi istigfari, don sayen gurbi ko da ya tabbata haƙƙin wani ne aka danne. Ban faɗa don in ƙara maka nauyi ba, na faɗa ne don masu karatu.

Sarkin Yaƙi:
Ni dai ina ganin duk wannan rashin barci da kulle kai a ɗaki ƙarancin tawakkali ne. Mumini ba ya shiga damuwa, arziki na Allah ne.

Malam na Rafin Daɗi:
A'a ɗan uwa, a gyara wannan. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da ɗansa sai da ya sa idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya ba mu labari. Waye zai ce tawakkalinsa ne ya yi ƙaranci? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Dubi yadda addu'a guda ta jero ciwon mai zaman jiran aiki kaf. Ba a neman tsari daga abin da ba ya samun mumini.

Shi ne kuma ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi mashi alheri a kan roƙon mutane. Malamanmu na zaure sun fahimci wannan, shi ya sa za ka ga babban malami yana ɗinkin hula ko yana sayar da turare, ba wanda ya ce iliminsa ya zube. Boko ne kaɗai aka ɗaura mashi cewa dole sai da kujera.

Nas Maman Amira:
Allah ya saka da alheri Malam. Bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya.

Ƙanena, abubuwan da ka lissafa, rashin barci, gudun mutane, yini a kwance, in sun wuce mako biyu a jere kuma abinci ya fita ranka, alamun ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma a manyan asibitocinmu akwai likitocin da aikinsu ke nan. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. In har ka taɓa jin cewa gara mutuwa, kada ka kwana da wannan tunanin kai kaɗai, ka gaya wa wani a daren, a kai ka asibiti.

Kafin nan ga abin da na ga yana taimako. Bayan Asuba kada ka koma shimfiɗa, ka taka ko zuwa Ƙofar Soro ne ka dawo. Ka yi wanka ka sa kaya kamar mai fita aiki. Ka daina barcin rana mai tsawo, shi ke sace na dare. Neman aiki a waya ka ba shi awa ɗaya ka ajiye, don yini ana duba Facebook ana ganin hotunan abokai a ofis guba ne. Sannan don Allah ka nisanci duk wanda zai ce ga abin da zai sa ka barci. Yaran da ake kawo mamu saboda tiramol da kodin, da yawansu ba 'yan iska ba ne, da neman barci suka fara.

Na Kwangwalam:
Ni daga Daura nake, bari in ba da nawa. Difloma gare ni. Da can ban damu da aikin gwamnati ba, don muna da iyaka. Ina kai kaya Magarya da Damagaram, in dawo da dabino da wake. Aka rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Muna farfaɗowa aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. Wanda bai zauna a garin iyaka ba ba zai gane ba: direba, ɗan dako, ɗan canji, mai abinci, duk rana guda suka zauna. Abokaina biyu suka bi ta Agadas suka nufi Libiya. Ɗaya ya dawo da ciwo, ɗayan shekara biyu ke nan ba mu ji muryarsa ba, mahaifiyarsa kullum tana bakin ƙofa. Duk mai wannan tunanin ya zo ya gan ta tukuna.

Ni na koma noman rani a Daberam, na yi haɗaka da wani dattijo, gonarsa da injinsa, ƙarfina da kuɗin taki. Shekarar farko tumatir muka yi, ya nuna lokacin da na kowa ya nuna, kwando ya faɗi, ko kuɗin mai ba mu mayar ba. Ta biyu muka raba, rabi albasa rabi alkama, albasar muka adana sai da ta yi daraja. Da ribar na sayi raguna uku a kasuwar Mai'aduwa, na turke su da harawa da dusa har Babbar Salla.

Ban yi arziki ba, kada in yi maku ƙarya. Amma ina da inda zan je da safe, ina dawowa a gajiye in yi barci, kuma na daina sunkuyar da kai a gaban surukaina. Na san 'yan uwanmu na Batsari da Safana da Jibiya ko wannan ba su samu ba, gonar ma ta gagara shiga saboda 'yan bindiga, su ne suka cika Katsina suna neman abin yi. Mu da namu yankin ke da sauƙi ba mu da uzuri irin nasu. Ana ta cewa in jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara ratsa Daura abubuwa za su buɗe. Allah ya sa, amma ban ajiye fartanya ina jiransa ba.

Mai Hatsi:
Na karanta komi tun daga sama, yarona ne ya karanta mani wasu. Ɗana na Ƙofar Marusa, ka yafe mani, na yi maka hukunci ban san abin da ke cikinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo. Abu Hafsat, kai ma ka faɗi gaskiya, ba ƙarfina ne ya tashe ni bayan gobara ba, mutanen Dandume da Bakori ne suka loda mani masara ba ko kwabo, saboda sun san ni. To wannan sanin shi ne jarin, kuma ba a samunsa a ɗaki. Sai an gan ka kullum, an ba ka ajiyar dubu biyar ka dawo da ita cif, sannan a ba ka ta dubu ɗari.

Kuma bari in faɗi abin da mu 'yan kasuwa ba mu son faɗa. Muna buƙatarku. Bana da farashin hatsi ya karye, da yawanmu da muka yi ajiya mun tafka asara, ni kaina sai da aka yi wata ban san nawa na rasa ba, don lissafina a ka yake da wani tsohon littafi. Bashin da ke waje ban san jimillarsa ba. In kana iya riƙe littafi, ka san shiga da fita, ka iya tura kuɗi ta waya ba kuskure, ka zo mu gwada wata uku. Ba ofis ba ne, ƙura ce da ƙaiƙayi, wata rana har ka kama buhu.

Abu Hafsat:
Allah ya biya ka Baba. Amma ɗan uwa, shawara guda, kuma Baba kada ka ji wani iri. Ku yi magana a fili tun farko: nawa ne a mako, wane aiki ne naka, bayan wata ukun mi zai biyo. A samu shaida ɗaya. Mun ga yaran shago da suka shekara goma ana ce masu "za a sallame ka", ranar da suka tambaya aka ce sun yi rashin kunya.

Mai Hatsi:
Ban ji komi ba, haka ya dace. Akawu ya zama shaida in ya yarda.

Tsohon Akawu:
Na yarda. Zan kuma nuna mashi yadda ake jan littafin kuɗi, aikina ne na shekara 35.

'Yar Daura:
To Baba, mu mata fa? Akwai masu lissafi a cikinmu, kuma akwai hajiyoyi masu sayar da atamfa da kayan ɗaki a cikin gida da lissafinsu ke cakuɗe. Wanda ya san irinsu ya riƙa haɗa mu.

Ummu Sadiƙ:
Akwai yayar mijina a Layout, adashi uku take riƙewa ga harkar zannuwa. Zan yi mata magana yau in sha Allah, ki turo mani saƙo ta gefe.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam. Ku gafarce ni, kwana biyu ban leƙo ba.

Shekaranjiya bayan Isha'i na kira yayata muka shiga wurin Inna. Na fara magana murya ta ƙi fita, yayata ce ta ƙarasa. Inna ta yi shiru har na ɗauka ba za ta tanka ba. Can ta ce tun bara ta sani, ƙanen mahaifina ya bincika ya gaya mata, ta hana kowa ya tayar mani da maganar don kada zuciyata ta buga. Ta ce zinarin dama don mu ta ajiye shi. Daren nan ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Anti Nas, jiya da yau na taka har Gobarau na dawo. Maganar asibiti ma ban watsar ba, yayata ta ce za ta raka ni ranar Litinin. Fom ɗin da na cike watan jiya yana nan, in sun kira zan je.

Baba Mai Hatsi, in tayin yana nan ina so. Ban taɓa riƙe littafin kasuwa ba, amma na iya kwamfuta kuma ina da haƙurin lissafi. Yaushe zan zo, kuma mi zan taho da shi?

Mai Hatsi:
Asabar da ƙarfe bakwai, kafin motar Dandume ta iso, don da sauke kayan za ka fara ƙirga. Ka taho da sabon littafi mai layi da biro biyu, ja da baƙi, haka Akawu ya ce. Kada ka sa farar shadda. Zan turo maka kwatancen rumfar ta gefe.